Inshorar Keken Ustaz Sabo

Ban taɓa mantawa ba da safiyar da wani mutum ya turo keke har cikin ofishinmu, ya jingine shi a jikin teburina, ya ce in yi masa inshora. Na sha ba abokan aiki labarin nan, kuma har yau in na kai tsakiyarsa sai in ji kaina ya soma sarawa kamar yadda ya yi a wancan lokaci.

Abin ya faru ne a farkon shekarun alif ɗari tara da tamanin, lokacin da sanyi ya fara shigowa Madina. Ni magatakarda ne a wani ƙaramin ofishin inshora, abin da a nan muke kira ta'min. Mu uku ne a ciki: mudir ɗinmu, wato manaja, Ustaz Nabil, mutumin Sham, da akawu, sai ni mai karɓar jama'a. Ga wanda bai san tsarin ba, mu reshe ne kawai, ba mu da ikon amincewa da komai. Ni zan rubuta buƙatar mutum, mudir ya sa hannu, a buga teleks, wato rubutaccen saƙon waya, zuwa babban ofis a Jidda. In abin ya fi ƙarfinsu, su ma su tambayi kamfanin ƙasar waje da ke ɗaukar nauyin a zahiri. Yawancin aikinmu motoci ne, da manyan motocin da ke ɗauko dabino daga Khaibar, da shagunan da ke tsoron gobara. Sunana Idris, ana yi mini laƙabi da Abu Yusuf. Ni haifaffen Madina ne, amma kakana daga Damagaram ya tako da ƙafa, don haka duk Bahaushen da ya shigo, teburina ake nuna masa.

Mai keken sunansa Ustaz Sabo. Ɗan Najeriya ne, dogo, siriri, ya gama karatun shari'a a jami'a a shekarar. An ba shi tikitin jirgin sama na komawa gida kamar kowane ɗalibi, ya ce a bar shi tukuna. Kakansa ya taso aikin hajji a ƙasa, ya rasu a hanya, aka binne shi a Maiurno cikin Sudan, kuma babu wanda ya taɓa zuwa kabarin daga zuriyarsa. Shi yana so ya shiga jirgin ruwa daga Jidda zuwa Port Sudan, daga nan ya hau keke ya bi hanyar alhazan dā, ya tsaya ya yi wa kakansa addu'a, ya wuce gida.

Na ce, "Masha Allah. To, Ustaz, tsoron kar a sace keken kake yi?"

Ya ce, "A'a, Abu Yusuf. In an sace, na yafe. Ni haƙƙin mutane nake tsoro. In na buge ɗan wani a ƙasar da ba ni da dangi, wa zai tsaya mini? A fiƙihu dangin mutum ne ke taya shi ɗaukar diyya. Ni a can ba ni da kowa. Ina so ku zama dangina a takarda."

Gaskiya maganar ta shige ni. A aikinmu inshora iri biyu ce: akwai ta abin kanka, in ya lalace ko ya ɓace a biya ka, akwai kuma ta haƙƙin wani, wadda in kai ka jawo wa wani rauni ko asara kamfani ke biyansa a madadinka. Mutane goma in suka shigo, tara ta farkon suke nema, ta biyun sai an yi musu dole. Ga wani ya zo da ƙafarsa yana neman ta biyun kaɗai. Na ce masa mafi mushkila, wato babu matsala, ya dawo mako mai zuwa. Da na san abin da ke gabana da ban saki baki haka ba.

Na kai wa mudir takardar. Ya karanta, ya cire tabarau, ya leƙa ta ƙofa ya ga keken, ya dawo ya zauna.

"Ya Idris, wasa kake yi da ni?"

"Wallahi ba wasa ba ne, ya Ustaz."

"A wane babi za mu sa shi? Babu keke a littafin farashi."

Na ce ai shi ya sa ake da Jidda. Ya ɗaga kafaɗa ya sa hannu, ya ce in buga, amma in sun yi mana dariya ni suka yi wa.

Ba su yi dariya ba. Da sun yi ma da ya fi sauƙi. Amsarsu ta farko ita ce mu turo lambar inji, da ƙarfin injin, da lambar rajista. A Larabci kalma ɗaya ce ke ɗaukar keke da babur, sai an ƙara mata bayani, kuma na ƙara, amma wanda ya karɓi saƙon bai karanta har ƙarshe ba. Na sake bugawa na ce keke ne na ƙafa, ba shi da inji. Aka ɗauki kwanaki, sai ga amsa: to mu turo lambar lasisin tuƙin mai shi. Na ce ba a ba mai keke lasisi. Suka ce in babu lasisi ta yaya za a san ya iya? Na zauna ina kallon takardar teleks ɗin nan, na rasa abin da zan rubuta wanda ba zai sa a kore ni daga aiki ba. Daga ƙarshe na samo wasiƙar shaida daga mai kula da ɗalibai cewa da keken nan Ustaz Sabo yake zuwa aji tun shigarsa jami'a. Suka karɓa. Sannan suka tambayi kuɗin keken. Na ce ba keken ake yi wa inshora ba, mutanen da zai iya bugewa ne. Suka ce to mutum nawa ake sa ran zai buge?

Kada ku ɗauka Jidda kaɗai ce ta gasa mini gyaɗa a hannu. Shi kansa Ustaz Sabo ya fi su. Na ce ya dawo bayan mako, amma kusan kullum bayan la'asar sai in ji ƙararrawar kekensa a bakin ƙofa. Kuma ba ya zuwa hannu rabbana, kullum da sabuwar mas'ala.

Ran nan ya ce, "Abu Yusuf, dabbobi fa? In na taka akuyar wata tsohuwa?"

Na ce dukiya ce, tana ciki.

"To in na kaɗa ƙararrawa, raƙumi ya firgita ya ka da mai shi, alhali ban taɓa shi ba?"

Na ce, "Ustaz, kada ka kaɗa."

Bai yi dariya ba. Ya ce a rubuta.

Wata rana kuma ya zo da abokan karatunsa biyu, waɗanda suka ce masa inshora caca ce, haramun ce. Maimakon su gama gardamarsu a masauki, sai suka kawo ta gaban teburina. Ɗaya na jawo hujja, ɗaya na mayarwa, wani direban babbar mota na tsaye yana jiran in sabunta masa takarda har ya gaji ya fita. Matsayar da suka cimma ita ce Ustaz Sabo ba zai karɓi komai ba sai in an rubuta cewa tsarin na taimakon juna ne, wato kowa ya zuba, wanda masifa ta faɗa wa a ɗauka a taimake shi. Wannan ma sai da na koma Jidda da shi. Sai aka yi sa'a akwai wani asusu irin wannan da suka fara gwadawa, suka ce za su sa shi a ciki.

Ana nan sai kamfanin waje ya ce shi ba ruwansa da Chadi, domin ana yaƙi a can. Na gaya masa. Ya ce to zai san yadda zai yi in ya kai iyaka, a rubuta Sudan da Najeriya. Na buga. Washegari ya dawo ya ce ya yi tunani, wataƙila ya zaga ta Afirka ta Tsakiya da Kamaru, a ƙara su. Ranar ce na fita bayan ofis na tsaya ni kaɗai na ɗan lokaci, don kada in faɗa wa malami maganar da zan yi nadama.

Akwai abu guda da ya rage. Daftarin da Jidda ta turo ya ce inshorar za ta fara aiki ne daga ranar da aka rubuta zai sauka a Port Sudan, ta yi wata uku. Na tambaye su a haɗa da cikin Mamlaka, wato ƙasar nan, tunda da keken zai tafi Jidda. Suka ce wannan wani fayil ne daban, sai an buɗe shi daga farko. Na gaya wa Ustaz Sabo, na ce shawarata ya ƙara haƙuri a yi.

Ya ce, "Haba Abu Yusuf. Sanyi na wucewa, bizar fitata na ƙarewa. Nan ai gida ne. Shekara da shekaru ina hawan keke a Madina ko kyanwa ban taɓa takawa ba. Khalas, a bar shi haka."

Mudir ya ce, "Ka ji, mai abu ya ce khalas." Aka buga hatimi. Ustaz Sabo ya naɗe takardar a leda, ya sa a aljihun ƙirji, ya yi mana addu'a mai tsawo. Da ya fita, Ustaz Nabil ya aika aka sayo mana shayi, ya ce yau sallah ce.

Ranar tafiyarsa, wajen hantsi, wayar ofis ta yi ƙara. Daga ofishin murur ne, wato 'yan sandan hanya. Suka ce akwai wani ɗan Najeriya a hannunsu, ya buge mutum da keke a Uhudu, ya nuna musu takarda mai hatiminmu.

Ga yadda abin ya kasance. Ya ɗaure kayansa a keke, jarkokin ruwa biyu, buhun littattafai, tabarma, ya ce bari ya biya ya yi wa shahidan Uhudu sallama kafin ya kama hanya. A wajen rumfunan masu sayar da tsaraba, wata motar maziyarta ta yo baya ba zato. Ya kauce mata, nauyin kayan ya rinjaye shi, birki bai riƙe ba, ya faɗa cikin rumfar wani dattijo mai sayar da dabino. Dattijon ya faɗi a kan hannunsa, hannun ya karye.

Na same shi zaune a benci, gwiwar wandonsa a yage. Jami'in ya miƙo mini takardar, ya sa yatsa a kan layin, ya ce, "Wannan Port Sudan ce ko Madina?" Na ce Madina ce. Ya ce to. Ƙa'idar a lokacin ita ce wanda ya ji wa wani rauni ba a sakinsa sai an daidaita da mai raunin, ko ya yafe a rubuce, ko wani ɗan ƙasa ya tsaya masa. Fita daga ƙasar kuwa babu ita sai an rufe maganar.

Ustaz Sabo ya ɗago ya dube ni, ya ce, "Abu Yusuf, ba za a iya cewa tafiyar ta fara ba? Ai niyya na yi tun daga gida."

Na ce, "Ustaz, kamfani ba ya aiki da niyya."

Na koma na gaya wa mudir. A nan ne na ga wani gefe na Ustaz Nabil da ban sani ba. Mutumin da ya yi ta tsaki a kan keken nan, shi ya zauna da kansa ya rubuta wa Jidda doguwar teleks, ya ce mutumin kirki ne, ya biya kuɗinsa, a duba a taimaka ko da rabi ne. Amsar ta zo a layi ɗaya: wurin da abin ya faru ba ya cikin yarjejeniya. Wannan ce kaɗai amsar da suka taɓa ba mu a rana guda.

Na sa hannu na tsaya masa aka sake shi. Matata ta ce mini, "Kai da ka ce ya ishe ka?" Na ce ya ishe ni mana, amma ba zan bar malami ya kwana a benci ba. Sai dai ku sani, tsayawa mutum ba ƙaramin abu ba ne. In ya gudu, ni za a kama.

Da yamma muka tafi asibiti. Dattijon ana kiransa Ammi Mubarak, wato Baffa Mubarak, manomin dabino ne daga Khaibar, yakan sauko Madina ya sayar da na bara. Ɗansa na tsaye a bakin gado yana huci, yana cewa sai an biya, sai an kai kotu. Ustaz Sabo ya durƙusa ya ba da haƙuri, hawaye na zubo masa. Dattijon bai ko dube shi ba. Ni ya kalla, ya ce, "Ya waladi, yarona, hannu zai ɗinke. Dabinona fa? Ga lokacin yi masa aure ya zo. Wannan," ya nuna ɗan nasa da haɓa, "ma'aikacin gwamnati ne, ko tsani ba ya iya hawa."

Ga wanda bai sani ba, dabino akwai namiji akwai tamata, kuma a ƙarshen sanyi sai mutum ya hau kowace tamata ya sa mata furen namijin da hannu. In lokacin ya wuce, amfanin shekarar ya tafi. Leburori kuwa a lokacin nan kowane mai gona na riƙe da nasa.

Ustaz Sabo ya share fuska ya ce, "Ammi, ni mutumin Dutse ne. A garinmu akwai dabino. Tun ina ƙarami nake hawa."

Sai a lokacin dattijon ya juyo ya ƙare masa kallo, tun daga kai har ƙafa, kamar mai taya ɗan maraƙi a kasuwa. Ya ce, "In ka gama mini gonata, na yafe. In ka ɓata mini fure ɗaya, kotu." Ɗan ya fara magana, uban ya ce masa ya yi shiru. Aka rubuta haka a gaban jami'i, ni ne shaida. Na yi zirga-zirga tsakanin jami'a da ofishin fasfo har aka ɗage masa bizar fita.

Wata Juma'a na shiga mota na tafi Khaibar, don in tabbatar wanda na tsaya wa yana nan. Na iske shi can ƙololuwar dabino, igiya a ƙugu, babu rawani babu tabarau. Ammi Mubarak na zaune a ƙasa, hannu a rataye, yana ɗaga murya yana cewa ba haka ake ɗaurewa ba. Shi kuma daga sama yana amsawa cewa a Dutse haka ake yi, har da kawo dalili. Na yi sallama babu wanda ya amsa mini a cikinsu sai da suka gama. Dattijon ya ja ni gefe ya ce, "Taurin kai gare shi kamar jaki, amma hannunsa na da albarka. Kada ka gaya masa." Da aka gama gonarsa, sai ya tuna ashe ƙanwarsa bazawara ma tana da 'yan itatuwa. Ustaz Sabo bai ce a'a ba. Kafin a sa hannu a takardar yafewa, zafi ya shigo, wata ukun inshorar kuma saura kaɗan su cika, ba a yi amfani da ko yini ɗaya ba.

Na roƙi Jidda su matsar da kwanakin, tunda mutumin bai ko bar ƙasar ba. Suka ce yarjejeniyar da ta fara gudu ba a tsayar da ita. Shiga Sudan da keke a tsakiyar bazara kuwa neman mutuwa ne. Jami'a ta ba shi gurbin ƙarin karatu na shekara guda, ya zauna.

Da sanyi ya zagayo, ina zaune na ji ƙararrawa a bakin ƙofa. Akawu ya dube ni, na dubi akawu. Ustaz Sabo ya shigo da kwandon dabino, ya ce saƙon Ammi Mubarak ne, daga itatuwan da ya yi wa aure. Sannan ya zauna ya ce, "To Abu Yusuf, a sake. Amma wannan karon daga ƙofar ɗakina."

Na tattara duk tsofaffin takardun, na haɗa da lambar fayil ɗin bara, na rubuta a sama da manyan baƙaƙe cewa keke ne na ƙafa, an taɓa yi masa. Na buga. Amsa ta zo: mu turo lambar inji.

Ustaz Nabil ya karɓi takardar daga hannuna, ya shiga ofishinsa, ya rufe ƙofa, ya ɗauki waya. Ban san abin da ya faɗa musu ba, domin ya koma Larabcin garinsu, amma har mai shagon da ke maƙwabtaka da mu sai da ya leƙo. Kafin ƙarshen makon takarda ta fito, daga Madina har Najeriya.

Ya tafi. Labarinsa ya zo mana da aikin hajjin da ya biyo baya, ta bakin wani alhaji ɗan garinsu. Ya ce Ustaz Sabo ya kai Maiurno, tsofaffin garin sun nuna masa maƙabartar da ake binne alhazan hanya, ya yi kwanaki a can. Wani wurin ya hau keke, wani wurin ya ɗora shi a kan babbar mota, ya isa gida lafiya bai taɓa kowa ba. Alhajin ya ce yanzu alƙali ne, kuma masu ƙara na kuka da shi saboda yawan tambaya.

Ku da kuke aikin nan yanzu, ga abin da na ɗauka. Mutum in ya zo neman inshorar tafiya, hankalinsa na can ƙasar da yake tsoro, ya manta da titin unguwarsu. Aikinka ne ka dawo da shi. Tun daga lokacin, duk wanda ya zauna a gabana, kafin in tambaye shi ina za shi, sai na tambaye shi daga ina zai tashi, kuma in ya ce mini nan gida ne, ba na saurin ɗaukar hatimi. Na biyu, kada ku yi wa mutum alkawarin abin da takarda ba ta ce ba, domin ranar da abin ya faru babban ofis layin kawai zai karanta, ku ne za ku tsaya a gaban mutumin. Na uku kuma, abokin hulɗar da ya fi ba ka ciwon kai ba lallai ne shi ne mugu ba. Na yi shekaru ina karɓar masu fara'a da suka ƙona shagonsu da hannunsu. Wanda ya zo don tsoron haƙƙin mutane, guda ɗaya na gani, kuma Allah ya sani, da ya dawo karo na uku da na ɗauki hutu.